'Yan Mitsil Ba Sa Son Kallo

A gidan yayana akwai mutum biyu da maganarsu ta dami kowa. Ɗaya ba ta yi, ɗayan kuma yana yi amma babu mai ganewa.

Wadda ba ta yi ita ce Auta, ƙaramar 'yar yayana, mai shekara biyar. Ba kurma ba ce, ba bebiya ba ce. In ta shiga banɗaki ta tura ƙofa, waƙa take yi har maƙwabta su haddace. Amma ka tsaya a gabanta ka zuba mata ido ka ce, "Auta, yaya sunanki?" to gara ka tambayi kujera. Sai ta sunkuyar da kai ta kama bakin rigarta tana murzawa, har ka gaji ka ba kanka amsa. Yayarta, wadda muke kira Rediyo, ita ta kwashe maganar gidan duka, har da rabon ƙanwarta.

Mai maganar da ba a ganewa kuwa ƙanin Anti ne, matar yayana. Farfesa muke ce masa, ba don ya zama ba. Ya zo mana da niyyar 'yan kwanaki, wai zai ƙarasa rubutun digirinsa na uku a inda babu hayaniya. Wanda ya gaya masa gidan da Rediyo take babu hayaniya, Allah ya yafe masa. 'Yan kwanakin nan suka yi ta haihuwa har aka kwashe buhuna daga sito aka shimfiɗa masa katifa. Karatunsa a kan wasu abubuwa ne da ya ce ido ba ya ganinsu, hannu ba ya kama su, amma suna nan. Yayana ya ce shi ma yana da irinsu a wurin aiki, sunansu ƙarin girma.

Farfesa yana da wata ɗabi'a: ba ya kallon mutum in yana magana. Silin yake kallo, ko bango, ko fanka. Anti ta ce tun yana yaro haka yake, shi ya sa har yau bai yi aure ba, don duk wadda ya ce yana so sai ta ɗauka da labule yake.

Ni ƙanwar maigidan ce, yara suna ce mini Gwaggo. Guga nake wa mutanen layinmu, kuma teburina yana barandar da ke tsakanin kicin da sito. Duk abin da aka faɗa a ɗakin Farfesa ta kaina yake biyowa, ko na gayyace shi ko ban gayyace shi ba.

Rigimar ta taso ne daga makarantar su Rediyo. Ba sa ɗaukar yaro aji ɗaya sai shugabar makarantar ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Madam ake ce mata. Tana da tabarau da ke zaune a ƙarshen hancinta, amma ba ta cikinsa take kallon mutane ba, ta samansa take leƙo su. Ko babba ta yi wa wannan kallo sai ya tuna laifinsa na bara. Aka kai Auta, Madam ta leƙo ta, Auta ta zama kujera. Madam ta ce a dawo da ita ranar Litinin, dama ta ƙarshe. In ba ta buɗe baki ba sai baɗi, kuma kafin baɗin a kai ta a duba mata kunne.

Abin da Madam ba ta sani ba shi ne, kullum da safe Auta takan riga kowa tashi. Ta sa tsohuwar rigar makarantar Rediyo wadda ta kai mata har idon sawu, ta sa safa fara, ta rataya jakar da babu komai a ciki, ta tsaya a bakin ƙofa. In Rediyo ta fita aka rufe ƙofar, sai ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta koma ta cire kayan ta ninke da kanta. Ba ta taɓa cewa tana son makaranta ba. Ba sai ta ce ba.

Da suka dawo daga wurin Madam, Anti ko mayafi ba ta cire ba ta wuce sito.

"Kai, Farfesa. Tunda kana cin shinkafar gidan nan, yau za ka yi mata amfani. Daga yanzu zuwa Litinin ka koya wa yarinyar nan A B C, da ɗaya biyu uku, da launuka. Ka sa ta buɗe baki."

"Anti, wannan ba fannina ba ne," ya gaya wa fanka.

"A B C ne ba fanninka ba? To da me kake rubuta digirin, da zanen kifi?"

Haka aka buɗe makaranta a sito. Rediyo ta shigar da kanta ba tare da an kira ta ba. Kuma zan yi wa Farfesa shaida ko a gaban wa: ya kai har C. A nan ne Rediyo ta ce, "Kawu, wai kai me kake karantawa ne da ba ya ƙarewa?"

Duk wanda ya san Farfesa ya san ba a yi masa wannan tambaya sai mutum ya ci ya ƙoshi ya sami wurin jingina.

"Ku ɗauki ƙwayar yashi ɗaya," na ji ya ce. "Ku raba ta biyu. Ku sake raba rabin. Ku yi ta rabawa har hannunku ya gaji. Can ƙasa, ƙasa sosai, akwai wasu 'yan abubuwa da aka yi komai da su. Ku, da ni, da katifar nan. Ɗaya daga cikinsu sunansa ilaktiron."

"Ila wa?"

"Ilaktiron."

"Wannan ai sunan maganin tari ne," in ji Rediyo. "Mu ce musu 'yan mitsil."

Ya yi wani nishi kamar an taka masa ɗan yatsa, amma sunan ya zauna.

A ranar ya gaya musu cewa wani lokaci ɗan mitsil yakan iske ɗan siririn bango a gabansa, ba shi da ƙarfin tsallakewa, amma sai kawai a tsince shi a ɗaya gefen, bangon kuma bai fashe ba. Bai gama rufe baki ba Rediyo ta fito baranda, ta ja da baya har bakin kicin, ta taho da gudu ta gwabza goshinta da bango. Teburina sai da ya girgiza.

"Ke kin yi girma da yawa!" Farfesa ya fito yana ihu. "Bangon ma ya yi kauri!"

"To Auta ta gwada," in ji Rediyo tana hawaye, "ita ƙarama ce."

Na sa mata ƙanƙara. Da yamma Anti ta ga ƙulun ta tambaya, Rediyo ta ce, "Karatu ne, Mama." Anti ta gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ta ce ashe dai yaron nan da gaske yake koyarwa, har ta ƙara masa nama.

Washegari ya zo teburina, ya tsaya yana kallon igiyar shanya, ya ce ko zan ara masa reza da kwali da bahon da nake jiƙa kaya. Ya wuce kicin ya ɗebi wake a kofi. Na ce a raina yau kuma ko me za a fasa.

Ƙofar siton a buɗe take rabi, don haka ina gani ta wutsiyar ido. Ya tsaga kwalin wuri biyu, 'yan dogayen ƙofofi gefe da gefe, ya tsayar da shi, ya sa Rediyo ta riƙa jefa wake. Rabin waken ya tafi ƙarƙashin katifa, inda ina jin har yau yana nan. Wanda ya wuce ya taru a baya wuri biyu.

"Tsibi nawa?"

"Biyu!" in ji Rediyo.

"Saboda kowane wake ta ƙofa ɗaya ya bi. Ko wannan, ko waccan. Yanzu ku ga ruwa."

Ya tare tsakiyar bahona da kwalin, ya riƙa taɓa ruwan da yatsa daga gefe ɗaya. Igiyar ruwan ta bi ta ƙofofin biyu a tare, ta fito ta ɗaya gefen tana haɗuwa da 'yar uwarta, wani wuri ta tashi, wani wuri ta kwanta, ratsi-ratsi.

"To. In aka harba 'yan mitsil ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙofa biyu irin wannan, me za a samu a bangon baya?"

"Tsibi biyu!"

"Ratsi-ratsi ake samu. Kamar ruwa. Kamar kowane ɗaya, shi kaɗai, ya bi ta ƙofofin biyu a lokaci guda."

"Ƙarya!" in ji Rediyo. "Kawu, za ka shiga wuta."

Bai ji haushi ba, don ina ganin ya saba, manya ma haka suke gaya masa. Ya ja labule, ɗakin ya yi duhu. Ya ɗauko wata 'yar tocila mai jan haske da ke maƙale da makullansa, ya yi tsaga biyu sirara da reza a jikin takardar azurfar nan ta magani, ya haska ta ciki. Na ɗan miƙa wuya. A bango, maimakon ɗigo biyu, sai ga 'yan jajayen ɗigo sun jeru a layi, da duhu a tsakaninsu. Ya ce haske ma haka yake yi, shi ma ɗan gidan ne.

"Abin ya ba masana haushi," ya ci gaba, fuskarsa a bango. "Suka ce bari mu sa mai gadi a bakin ƙofa, ya gane mana ta wacce kowane ɗaya yake bi. Suka sa na'ura. Kun san abin da ya faru? Ratsi-ratsin ya ɓace. Tsibi biyu, kamar wake. Kowa ya bi ƙofa ɗaya kamar mutumin kirki."

Sai wata 'yar murya ta ce, "Kunya suke ji."

Ba muryar Rediyo ba ce. Rediyo ba ta da ƙaramar murya, ko a barci.

"Ba kunya ba ce," in ji Farfesa, ko waiwayowa bai yi ba. "Ba su da ido, ba su da zuciya. In na ce kallo, ina nufin wani abu ya taɓa su. Kafin ka ga abu sai haske ya buge shi ya dawo maka. Su kuwa don ƙanƙanta, hasken ma hankaɗa ce a wurinsu. Abin ya fi haka rikitarwa, amma ku riƙe wannan tukuna."

"To ai shi ne," muryar ta ce. "In ana kallonka, ana taɓa ka."

"A'a, ba haka... To. Ta wani gefen. Amma ba kunya ba ce."

"In mai gadin ya tafi suna komawa ratsi-ratsi?"

"Suna komawa."

"To yaya aka san abin da suka yi, in ba a kalla ba?"

"Yawwa! Wannan ita ce tambaya. Ba a tsare su a hanya. Sai sun gama, a je a duba bangon, a ga alamun da suka bari."

Suka yi ta yi, tana tambaya yana amsawa. Mutumin nan mai shirin karɓar digiri na uku a kan lura da abubuwan da ba a gani, bai lura cewa yarinyar da aka ce ya buɗe wa baki tana ta zuba a bayansa ba. Ni kuwa ban farga ba sai da na ji ƙauri. Dutsen guga ya yi wa rigar mai kantin magani taswira a kafaɗa.

Wajen cin abincin yamma Rediyo ta watsa labarai. "Mama, Auta tana surutu da Kawu. Har gardama take masa."

Anti ta ajiye cokali. Ta juya ta zuba wa Auta ido. "Da gaske? Auta, me kika ce wa Kawu? Faɗa mini. Faɗa wa Mama." Yayana ma ya juyo, Rediyo ta juyo. Auta ta kama bakin rigarta.

"Ita ce ke maganar?" in ji Farfesa. "Na ɗauka Rediyo ce ta yi mura."

Daga nan Anti ta ɗauki aikin mai gadi. Da aka zauna karatu washegari ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Shiru. Ta zagaya ta taga. Shiru. Ta riga su shiga ta laɓe a bayan labule, ƙafafunta da jan farce suna waje suna gaida jama'a. Auta ta kalli ƙafafun, ta kalli ƙasa. A ƙarshe Anti ta bar wayarta a kan akwati tana ɗaukar hoto, ta fita tana waƙa don a san ta tafi. Auta ta tashi, ta kife wayar, ta sa mata filo, ta dawo ta zauna.

Abu ɗaya Anti ta samu a bayan labulen nan: ta ji abin da ake koyarwa.

"Wake?" Muryarta har bakin titi. "Ni na ce A B C, kai kana jefa mini wake a ƙarƙashin katifa? Madam za ta tambaye ta 'yan mitsil ne? Ƙulun goshin Rediyo ma ashe naka ne! Na ƙara maka nama a kan ƙulun nan!"

"Anti, yarinyar tana da tambayoyi masu kyau."

"Amsa ake nema, Farfesa! Amsa!"

Ranar Lahadi Anti ta karɓi makarantar da kanta. Ta zaunar da Auta a kan tebur, ta jawo kujera har gwiwarsu na haɗuwa, ta kama haɓarta ta ɗago. "Kalle ni. Ce A." Ta gwada da alewa. Ta gwada da alkawarin sabon takalmi. Ta gwada da cewa in ba ta yi magana ba, Rediyo za ta yi ta tafiya makaranta ita tana gida har ta tsufa. A nan hawaye suka fara zubo wa Auta, babu sauti, bakinta yana motsi kaɗan kamar maganar ta zo ta maƙale. Anti ma idonta ya cika, don ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Na san abin nan da ke maƙalewa, don ni ma yakan maƙale mini. Na ajiye guga na je bakin falo na ce, "Anti..."

Ta juyo ta kalle ni. "Mene ne?"

"Babu komai. Ko in ɗora ruwan shayi?"

Ranar Litinin yayana ya tafi aiki ya bar mana addu'a. Auta ta riƙe hannuna ta ƙi saki, don haka dole aka tafi da ni. Anti ta buga ƙofar sito ta ce, "Kai ma taso. Ka zo ka ga aikinka da idonka, in za ka iya sauko da shi daga silin."

Ofishin Madam yana da babban tebur, da fanka mai ƙara, da kofunan gasa a jere a kan kabad. A bangon da ke bayan kujerarta akwai farin allo cike da rubutu layi-layi. Aka zaunar da Auta a wata 'yar kujera a tsakiyar ɗaki, ita kaɗai, kamar wadda ta saci akuya. Madam ta leƙo ta saman tabarau.

"Yaya sunanki?"

Fanka ta amsa.

"Shekarunki nawa?"

"Biyar ne, Madam," in ji Anti.

"Maman yarinya, ba ke za mu ɗauka aji ɗaya ba." Ta ɗaga wani kati. "Wannan wane harafi ne?"

Auta ta murza bakin rigarta har ya nannaɗe a yatsanta. Madam ta jira, ta ƙara matso da fuska, ta ƙara buɗe ido, wai ko zai taimaka. Sannan ta ajiye katin, ta rufe fayil a hankali.

"Ina ganin sai baɗi."

"Hanyar awon ce ba daidai ba," in ji Farfesa.

Madam ta dube shi, ta bi inda yake kallo, ta ga silin. "Da wa yake?"

"Da fanka, Madam," in ji Anti da sauri. "Ki ƙyale shi, haka yake."

Amma ya riga ya miƙe. Ya zagaya teburin, ya ɗauki alƙalamin allo, ya sa hannun rigarsa ya share kusan rabin rubutun.

"Malam!" Madam ta yi zumbur ta juya. "Jadawalin jarrabawa ne wannan!"

"Yanzu zan gama. Kin ga, ga bango mai ƙofa biyu." Ya ja layi. "Ga wani bangon a baya. Ana harba ilaktiron ɗaya bayan ɗaya."

"Ana harba wa?"

Anti ta rufe fuska da mayafi tana salati, amma ta tsakanin yatsu allon take kallo. Ni ma shi nake kallo. Duk ɗakin ya juya wa 'yar kujerar nan baya. Farfesa ya zana wani ɗan mutum da sanda a bakin ƙofa, kuma da yake ya saba, sai ya jefa tambayar ga allo kamar yana sito.

"In aka sa mai gadi, me ake samu a bango?"

"Tsibi biyu," aka ce daga bayanmu.

"In aka cire shi?"

"Ratsi-ratsi."

Na ga wuyan Madam ya fara juyawa.

"Kar ki juya!"

Sai da maganar ta bugi kabad ta dawo na gane daga bakina ta fito. Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Na damƙe hannun Anti ma, don ita ma ta fara. Na ce, a hankali wannan karon, "Don Allah, Madam. Kar ki juya."

Madam ta tsaya ƙiƙam. Ina jin tun da ta fara aiki babu wanda ya taɓa ba ta umarni a ofishinta, balle mai guga. Na ga kafaɗunta sun tashi sun sauka. Na ce a raina shi ke nan, yau har Rediyo za a kora.

Sai ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan abin da ya rage na jadawalinta. "Wannan wane harafi ne?"

"J."

"Wannan fa?"

"R. Na kusa da shi kuma M ne, amma Kawu ya goge masa ƙafa ɗaya."

Madam ta yi ta nunawa, Auta tana faɗa. Haruffan da Farfesa bai taɓa kai ta ba, duk ta san su, ashe duk aikin gidan da Rediyo take yi da ihu, akwai mai kwashewa a ƙarƙashin tebur. Aka yi lambobi. Madam ta tambayi sunanta, ta faɗa cikakke, ta haɗa da na babanta da sunan layinmu, wanda ba a tambaye ta ba. Anti ta ƙanƙame hannuna kamar za ta tsinke shi.

"To saura launi," in ji Madam, har yanzu fuskarta a allo. "Rigata wace kala ce?"

"Koriya. Kuma zif ɗinta bai kai sama ba."

Fanka ma kamar ta rage ƙara. Madam ta kai hannu baya, ta lalubo zif ɗin, ta ja shi har wuya. Anti ta ce a kunnena, "Da ta yi shirunta."

Madam ta koma kujerarta ta zauna. Ta buɗe fayil ɗin, kuma na lura takardar take kallo, ba yarinyar ba.

"Zango ɗaya, na gwaji. Zan gaya wa malamar ajin ta riƙa tambayarta tana rubutu a allo. Amma ku sani, sannu a hankali sai ta koyi amsawa ido da ido. Ba kowa ne zai juya mata baya ba don ta yi magana."

"Mun gode, Madam. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, Allah..."

"Shi kuma wannan," ta nuna Farfesa da biro, "kada in sake ganin ƙafarsa a makarantata. Amma kafin ya fita sai ya mayar mini da jadawalina."

Haka muka zauna muna jira, Madam tana faɗa, Farfesa yana rubutawa: aji uku, lissafi, Talata. Sau biyu tana sa shi ya goge saboda rubutunsa kamar tafiyar kaza. Anti ta ce alhamdu lillahi, ta ga ranar da karatunsa ya yi wa wani amfani.

A hanyar gida yana gaba yana ƙunƙuni, hannun rigarsa baƙi ƙirin da tawada. "Mutum fa ba ilaktiron ba ne. Kwatance ne kawai, kwatancen ma bai zauna daidai ba. In abokan karatuna suka ji, na shiga uku."

"Kai ka faɗa a gaban Madam," in ji Anti.

"Na faɗa ne don ta tsaya. Amma a gane, su ba kunya suke ji ba."

"Kunya ce," aka ce daga bayanmu.

Babu wanda ya juya. Anti ta kusa karya wuyanta wajen hana shi waiwaye, amma ba ta juya ba.

Ranar da aka koma makaranta, Auta ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, sai dai rigar daidai ita ce, jakar kuma da nauyi. Da Rediyo ta fita, ƙofar ba ta rufe a gabanta ba. Anti ta rantse ba za ta leƙa ba, ta shiga ɗaki, can sai na ji ƙarar bokiti ana kifawa a gindin taga. Ni ban tashi daga teburina ba. Ina jin muryar Rediyo tana nisa, tana ba da umarni a kan yadda ake tsallaka titi.

Da suka dawo, Anti ta tare Auta a falo da tambayoyi, me aka koya, wa ya zauna kusa da ita, ta yi magana ko ba ta yi ba. Ta sami abin da ta saba samu. Auta ta zo ta ajiye mini kayanta a kan tebur ta wuce banɗaki.

Na zazzage su. Safar da na wanke fara tas ta dawo ja da ƙasa har sama, irin ta wanda ya yi gudu. Maɓallin riga ɗaya babu. A aljihu akwai rabin biskit, ba irin wanda aka ba ta da safe ba. A jaka kuma fensir ne da ba nata ba, duk an tattaune masa kai, nata sabon kuwa babu shi.

Farfesa ya fito daga sito da kofin shayi. Ya zo wucewa sai ya tsaya. Karo na farko tun zuwansa gidan nan na ga ya sauke ido ƙasa. Ya daɗe yana duban safar da biskit ɗin da fensirin.

"Hm," ya ce. "Ratsi-ratsi."

Daga banɗaki waƙa ta tashi, wata sabuwa da ba mu taɓa ji ba. Na ɗauki safar na je neman bahona, wanda har yau bai dawo mini da shi ba.